Bizar Masu Kula da Tsofaffi a Birtaniya, 2022 zuwa 2025: An Rufe Ƙofa da Mutane a Ciki

A watan Maris na 2024 gwamnatin Birtaniya ta saki rahoton binciken da David Neal ya jagoranta, mutumin da ya riƙe muƙamin babban sufeto mai zaman kansa kan iyakoki da shige da fice har zuwa watan Fabrairun shekarar, lokacin da aka sallame shi. Abubuwa biyu daga cikin waɗanda rahoton ya bankaɗo sun isa su nuna inda lamarin ya kai. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta amince da takardun ɗaukar nauyin ma'aikata 275 ga wani gidan kula da tsofaffi wanda babu shi ko kaɗan, ta kuma ba wani kamfani takardu 1,234 alhali sa'ad da ya nemi lasisi ya ce ma'aikata huɗu ne kacal gare shi. Rahoton ya ƙara da cewa jami'in sa ido ɗaya ne ke fuskantar kamfanoni masu lasisi kusan 1,600. Kowace takarda irin wannan, idan ta faɗa hannun mutum a Legas ko Kano ko Harare ko jihar Kerala ta Indiya, tana nufin fili da aka sayar, ko bashi da aka ci, ko aikin gwamnati da aka ajiye, domin a tafi wurin aikin da wataƙila ba a taɓa yin sa ba.

Wannan nazari ya bi sawun biza guda ɗaya, wato ta masu kula da tsofaffi da naƙasassu, daga ranar da aka buɗe ta a Fabrairun 2022 zuwa ranar da aka rufe ta ga masu nema daga waje a Yulin 2025. Abin da na gani a cikin waɗannan shekaru uku da 'yan watanni shi ne, duk lokacin da aka sauya ƙa'ida, nauyin sauyin a kan ma'aikaci yake sauka, yayin da abubuwa biyu da suka haifar da ɓarnar, wato ƙarancin albashi da ɗaure mutum ga uban gida ɗaya, aka bar su yadda suke.

Dalilin buɗe ƙofar

Birtaniya ta daina bai wa 'yan Tarayyar Turai damar shiga aiki ba tare da biza ba a ƙarshen Disambar 2020, kuma wannan ya zo daidai da annobar korona, wadda ta yi wa gidajen tsofaffi mummunar illa, ta kuma gajiyar da ma'aikatansu. Da aka sake buɗe shaguna da gidajen abinci da rumbunan ajiyar kaya, ma'aikata da yawa suka koma can, domin albashin kusan ɗaya ne, aikin kuma ya fi sauƙi a kan ɗaga tsoho daga gado, yi masa wanka, da kwana a tsaye. Hukumar Skills for Care, wadda ke tattara alƙaluman wannan fanni a Ingila, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 zuwa 2022 guraben da babu kowa a kansu sun kai kimanin 165,000. Illar ba ta tsaya a gidajen tsofaffi ba, domin asibitoci sun riƙa riƙe marasa lafiya da suka warke saboda babu wanda zai kula da su idan an sallame su.

Kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan shige da fice, wanda ake kira MAC, ya ba da shawara a Disambar 2021 cewa a sanya masu wannan aiki cikin jerin sana'o'in da ake ƙarancin ma'aikatansu. Gwamnatin Boris Johnson ta karɓa, kuma daga 15 ga Fabrairun 2022 kamfani mai lasisi yana iya ɗauko ma'aikaci daga kowace ƙasa muddin zai biya shi aƙalla fam 20,480 a shekara, ko fam 10.10 a kowace sa'a. Sai dai kwamitin bai tsaya nan ba. A rahotonsa na Afrilun 2022 ya bayyana ƙarara cewa tushen matsalar kuɗi ne, ya kuma nemi gwamnati ta sanya mafi ƙarancin albashi na fam 10.50 a sa'a ga ma'aikatan da ake biya daga asusun jama'a a Ingila, wato ƙarin fam ɗaya a kan mafi ƙarancin albashin ƙasa na lokacin, tare da ba ƙananan hukumomi kuɗin da za su biya. Gwamnati ta ɗauki shawarar da ba ta cin kuɗi, ta ajiye mai cin kuɗi. A nan ne, a ganina, aka fara karkacewa.

Igiyar da ke wuyan ma'aikaci

Domin a fahimci abin da ya biyo baya, dole a san yadda tsarin yake aiki. Kamfani yana neman lasisi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, idan ya samu sai ya nemi takardun ɗaukar nauyi, waɗanda 'yan Najeriya suka fi sani da COS. Wannan takarda lamba ce a kwamfuta, tana ɗauke da sunan ma'aikaci, sunan kamfani, irin aikin da albashin. Da ita mutum yake neman biza, bayan ya ci jarrabawar Turanci, ya yi gwajin tarin fuka, ya kuma nuna yana da fam 1,270 a asusunsa idan kamfanin bai ɗauki nauyin hakan ba. Kuɗin bizar kanta a 2023 bai kai fam 300 ba ga mai neman shekara uku, an kuma yafe wa masu ita harajin lafiya da sauran baƙi ke biya. Kuɗin fitar da takardar ɗaukar nauyin kuwa fam 239 ne daga ƙarshen 2023, kuma kamfani ake sa ran ya biya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne izinin zaman mutum a ƙasar yana rataye ne da wannan kamfani ɗaya. Idan aka kore shi, ko ya bar aikin, ko aka ƙwace lasisin kamfanin, ƙa'ida ta ce a taƙaita izininsa zuwa kwana 60, a cikinsu ya samu wani mai lasisi da zai ɗauke shi ko ya bar ƙasar. Ba shi da damar karɓar tallafin gwamnati irin na marasa aiki ko na haya, kuma aikin gefe da aka yarje masa bai wuce sa'o'i 20 a mako ba, shi ma sai yana kan babban aikinsa. Duk wanda ya san zaman Saudiyya, ya san abin da ake nufi da kafili da iƙama, ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba, ko da yake a Birtaniya akwai kotunan ƙwadago da ƙungiyoyin ma'aikata, kuma riƙe fasfon mutum laifi ne. Kamannin yana wuri ɗaya: wanda zai biya ka albashi shi ne kuma ke riƙe da ikon zamanka, saboda haka kai ƙararsa tamkar sare reshen da kake zaune a kai ne. Ma'aikaciyar da ta sanar da hukuma cewa ba a ba ta sa'o'in da aka yi mata alkawari ba, idan bincike ya tabbatar da gaskiyarta aka ƙwace lasisin, ita da abokan aikinta ne za su fara ƙirga kwanaki.

Ga 'yan Najeriya akwai wani ƙulli na daban. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, tare da Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan, kuma ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya da kula da jama'a ta Birtaniya ta hana kamfanoni zuwa neman ma'aikata a irin waɗannan ƙasashe. Ba ta hana mutum ya nemi aiki da kansa kai tsaye ba. An yi wannan da kyakkyawar niyya, domin kada a kwashe ma'aikatan jinya daga inda ake buƙatarsu, amma sakamakonsa shi ne kamfanonin kirki ba sa iya buɗe ofis a fili, sai fagen ya zama na dillalai da ke harka ta WhatsApp da TikTok da bakin 'yan'uwa. Duk da haka Najeriya ta kasance cikin ƙasashe uku da suka fi samun wannan biza, tare da Indiya da Zimbabuwe. Dokar Birtaniya ta 1973 kan kamfanonin samar da aiki ta haramta karɓar kuɗi daga mai neman aiki domin sama masa aiki, sai dai dillalin da ke zaune a wata ƙasa ya fi ƙarfin wannan doka.

Takardar da ake fitarwa a kan 'yan ɗaruruwan fam ta koma haja ta dubbai. Ƙungiyar ƙwadago ta UNISON ta ji ta bakin ma'aikata baƙi fiye da 3,000 a wannan fanni, ta fitar da sakamakon a farkon 2025, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun biya kamfani ko dillali kafin a ba su aiki. Sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC Africa Eye ma ya ɗauki hotunan sirri na dillalai suna cinikin guraben aiki, ya watsa a Maris na 2025. Ga ɗan Najeriya nauyin ya ninka bayan an saki darajar naira a Yunin 2023, domin a cikin 2024 fam ɗaya ya kai kusan naira 2,000, wato fam 10,000 ya zama kusan naira miliyan 20. Kuɗi irin wannan ba aljihun mutum ɗaya ke fitar da shi ba. Dangi ne ke haɗawa, a sayar da gona ko gida ko mota, a ɗauki adashi, da fatan idan ya sauka zai fara turowa.

A ɗauki misalin mace da ta sauka a Ingila a tsakiyar 2023 da takardar da ta ce za ta yi aiki na cikakken mako. Ta je adireshin kamfanin ta tarar da ƙaramin ofis, aka ce mata kwangilar da ake jira daga ƙaramar hukuma ba ta fito ba tukuna, ta yi haƙuri. Bayan wata biyu aka fara ba ta sa'o'i goma ko sha biyu a mako, ziyarar minti talatin a wannan gida, minti arba'in da biyar a wancan, ba a biyan lokacin da take ɓatawa a hanya. Haya tana jiranta, bashin gida yana jiranta, kuma a kwantiraginta akwai sharaɗin cewa idan ta bar aikin kafin wa'adi za ta mayar da dubban fam da aka ce an kashe a kanta. Wannan siffa ce da ƙungiyoyin ba da shawara da 'yan jarida suka yi ta cin karo da ita. Ƙungiyar Unseen, mai kula da layin wayar kai rahoton bautar zamani, ta ce a 2023 an ambata mata mutum 918 da ake zaton an ci zarafinsu a fannin kula da jama'a.

Matsewa ta farko

Ba wannan wahala ce ta fara motsa gwamnati ba, alƙaluma ne. A Nuwambar 2023 hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta sabunta lissafinta, ta ce a 2022 waɗanda suka shigo sun zarce waɗanda suka fita da mutum 745,000, adadin da ya tayar da ƙura a jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Firaminista Rishi Sunak. Ranar 4 ga Disamba ministan cikin gida James Cleverly ya sanar da matakai biyar. Ya ce a shekarar da ta ƙare a Satumbar 2023 ma'aikatan kula da jama'a kimanin 100,000 sun zo da iyalai kimanin 120,000, saboda haka daga 11 ga Maris na 2024 sabon ma'aikaci ba zai zo da mata ko miji ko 'ya'ya ba. Haka kuma kamfanin da ke Ingila ba zai ɗauki nauyin kowa ba sai yana da rajista da CQC, hukumar da ke duba ingancin asibitoci da gidajen kula da jama'a. Ga sauran sana'o'i an ɗaga mafi ƙarancin albashin biza daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, amma masu kula da tsofaffi nasu fam 23,200 kawai aka kai shi.

Sharaɗin rajista da CQC abu ne mai ma'ana, kuma abin mamaki shi ne yadda aka yi shekara biyu ana raba lasisi ba tare da shi ba. Hana iyali kuwa bai taɓa dillali ko kamfanin bogi ba ko kaɗan. Mafi yawan masu wannan aiki mata ne, da yawansu iyaye, kuma albashin miji ko mata da ke aiki a wani wuri shi ne abin da ke riƙe gida idan kamfani ya rage sa'o'i. Wadda ta zo ita kaɗai ta fi sauƙin tsoratarwa a kan wadda ke da mai tallafa mata a gida. An bar jaki ana dukan taiki. Akwai kuma wani abu da alƙaluma suka nuna: yawan bizar ya fara faɗuwa tun ƙarshen 2023, kafin dokar iyali ta fara aiki, a daidai lokacin da jami'ai suka fara neman kamfani ya kawo shaidar kwangilar da ke nuna lallai akwai aikin. Bizar lafiya da kula da jama'a da aka ba ainihin masu nema ta sauko daga kimanin 146,000 a 2023 zuwa kimanin 27,000 a 2024. Wannan ya nuna cewa bincike mai sauƙi, da an yi shi tun ranar farko, ya isa ya tare mafi yawan ɓarnar.

Daga nan aka shiga ƙwace lasisi. A Maris na 2025 gwamnatin jam'iyyar Leba, wadda ta karɓi mulki a Yulin 2024, ta sanar cewa tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 an ƙwace lasisi fiye da 470 a wannan fanni, kuma ma'aikata fiye da 39,000 ne ke da alaƙa da waɗannan kamfanoni tun daga Oktobar 2020. Hukuncin kamfani shi ne rasa lasisi, kuma mai kamfanin yana nan a gidansa da kuɗin da ya karɓa. Ma'aikaci kuwa ya rasa aiki, izininsa ya shiga haɗari, kuma babu wani asusu da aka tanada domin a mayar masa da abin da aka karɓe. Gwamnati ta ware fam miliyan 16 ga cibiyoyi 15 na yankunan Ingila domin su haɗa waɗanda suka rasa uban gida da sababbin kamfanoni, ta hana ɗora wa ma'aikaci kuɗin lasisi da na takardar ɗaukar nauyi daga 31 ga Disambar 2024, sannan daga 9 ga Afrilun 2025 ta wajabta wa kamfani ya fara neman ma'aikaci cikin waɗanda ke ƙasar kafin ya leƙa waje. Matakai ne masu kyau, amma sun zo a makare kuma ba su yi tasiri sosai ba. Alƙaluman da ƙungiyar Work Rights Centre ta samo daga gwamnati sun nuna cewa cikin mutum kimanin 28,000 da aka tura wa cibiyoyin zuwa Afrilun 2025, waɗanda aka tabbatar sun samu sabon aiki ba su kai dubu ɗaya ba.

Dalilan suna da sauƙin ganewa ga wanda ya san aikin. Kula da mutane a gidajensu yana buƙatar mota da lasisin tuƙi, kuma lasisin da mutum ya zo da shi daga Najeriya wata 12 kawai yake aiki. Guraben da ake da su suna ƙauyuka da garuruwan bakin teku, ma'aikatan kuma sun taru a manyan birane inda suke da 'yan'uwa da haya mai sauƙi. Sabon kamfani yana neman shaidar aiki daga tsohon, wanda ko dai ya rufe ko kuma bai taɓa ba mutumin aiki ba balle ya shaide shi.

Ɓangaren masu ɗaukar aiki

Ba adalci ba ne a yi wa masu kamfanoni kuɗin goro. A Ingila akwai ƙungiyoyi da kamfanoni kusan 18,000 a wannan fanni, mafi yawansu ƙanana, kuma da yawa sun ɗauko ma'aikata bisa gaskiya, sun tarbe su a filin jirgi, sun sama musu masauki, sun biya abin da aka yi alkawari. Guraben da babu kowa sun ragu daga 165,000 zuwa 152,000, sannan zuwa 131,000 a 2023 zuwa 2024, kuma Skills for Care ta danganta wannan da baƙi, domin a daidai lokacin yawan 'yan ƙasa a cikin aikin raguwa ya yi. Matsalar waɗannan kamfanoni ita ce babban mai sayen aikinsu ƙaramar hukuma ce, ita ke yanke farashin kowace sa'a, kuma sau da yawa ba ta ba da tabbacin yawan sa'o'in da za ta saya a wata mai zuwa. Biza tana neman albashi tsayayye na shekara, kasuwar kuma tana tafiya da sa'o'i masu hawa da sauka. Kamfanin da wani tsoho da yake kula da shi ya rasu ko ya koma asibiti yana iya wayar gari da ma'aikata fiye da aiki, ba tare da ya yi niyyar cutar kowa ba.

A Afrilun 2025 kuɗaɗe suka taso musu ta ko'ina a lokaci ɗaya. Mafi ƙarancin albashin ƙasa ya koma fam 12.21 a sa'a, na mai biza ya koma fam 12.82 ko 25,000 a shekara, kuɗin takardar ɗaukar nauyi ya tashi daga fam 239 zuwa 525, harajin inshorar ƙasa da mai ɗaukar aiki ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15 cikin ɗari. Ma'anar wannan ita ce ɗaukar ma'aikacin da aka yaudara ya fi ɗaukar ɗan ƙasa tsada, kuma yana zuwa da ƙarin takardu da fargabar cewa kuskure ɗaya a fayil zai iya jawo asarar lasisi. Gwamnati ta buƙaci kamfanonin kirki su kwashe waɗanda miyagu suka zubar, a daidai lokacin da ta tsawwala musu kuɗin yin hakan.

Ranar 12 ga Mayun 2025 Firaminista Keir Starmer da ministar cikin gida Yvette Cooper suka gabatar da sabuwar manufar shige da fice, kuma daga 22 ga Yuli aka daina ba da wannan biza ga masu nema daga waje. An kuma ɗaga matakin ƙwarewar da ake buƙata a yawancin bizar aiki zuwa na digiri, mafi ƙarancin albashi ya koma fam 41,700. Waɗanda suke cikin ƙasar an bar musu damar sabunta biza da sauya kamfani, masu wata biza daban kuma, kamar ɗaliban da suka kammala karatu, suna iya komawa wannan har zuwa 22 ga Yulin 2028, da sharaɗin sun yi wa kamfanin aiki na aƙalla wata uku kafin ya ɗauki nauyinsu. Ƙungiyar Care England, wadda ke wakiltar masu kamfanoni, ta yi kakkausar suka, tana cewa an toshe hanya ba tare da an samar da madadinta ba. Madadin da gwamnati ta ambata shi ne yarjejeniyar albashi ta bai ɗaya ga fannin, wadda ministan lafiya Wes Streeting ya ware wa fam miliyan 500 a Satumbar 2025, amma sai 2028 aka tsara za ta fara aiki, kuma a shekarar ce ake sa ran kwamitin Louise Casey kan gyaran fannin zai kammala aikinsa.

Ga mai karatu a Kano ko Kaduna ko Kumasi, wannan yana da ma'ana kai tsaye: tun daga 22 ga Yulin 2025 babu wata takardar ɗaukar nauyi da za ta fitar da mutum daga ƙasarsa zuwa Birtaniya a matsayin mai kula da tsofaffi, kuma duk wanda ya tallata ta yana sayar da abin da ba ya aiki. Ma'aikatan jinya da likitoci masu rajista hanyarsu daban ce, tana nan a buɗe da nata sharuɗɗan.

Shin akwai wata hanya ban da rufewa? Akwai, kuma ba sabon tunani ba ne. UNISON ta daɗe tana neman a cire ikon ɗaukar nauyi daga hannun kamfani ɗaya a mayar da shi ga wata hukuma ta fannin gaba ɗaya, ta yadda ma'aikaci zai iya barin azzalumi ya koma wani kamfani mai rajista ba tare da ya sake neman biza ba. Kanada tun 2019 tana ba ma'aikacin da aka ci zarafinsa izinin aiki wanda bai ɗaure shi ga kowa ba. Ostareliya kuma daga Yulin 2024 ta ƙara wa'adin neman sabon uban gida daga kwana 60 zuwa 180, ta yarda mutum ya yi aiki a ko'ina a cikin wa'adin, ta kuma fara gwajin biza ta musamman ga wanda ke bin haƙƙinsa a gaban hukuma. Waɗannan matakai ba sa ƙara yawan masu shigowa, domin sun shafi waɗanda suka riga suka shigo ne. Kwamitin majalisar dokoki mai bin diddigin kuɗin gwamnati ma, a rahotonsa na Yulin 2025, ya zargi Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da jan ƙafa wajen magance cin zarafin, ya kuma nuna cewa dogaro da uban gida ɗaya na jefa baƙi cikin haɗari.

Abin da ya riƙe mutane da yawa cikin haƙuri shi ne alkawarin da ke cikin ƙa'idar da suka shigo a kanta: bayan shekara biyar ana iya neman izinin zama na dindindin, wanda ke kwance igiyar baki ɗaya. Waɗanda suka fara zuwa a 2022 sun sa ido a kan 2027. A Nuwambar 2025 sabuwar ministar cikin gida, Shabana Mahmood, ta gabatar da shawarar mayar da wa'adin gama-gari shekara 10, na masu aikin da bai kai matakin digiri ba kuma, ciki har da masu kula da tsofaffi, shekara 15, ta kuma nuna cewa gwamnati na nufin hakan ya shafi waɗanda suke ƙasar amma ba su kai ga samun izinin ba, sannan aka buɗe sauraron ra'ayin jama'a a kai. A ƙarƙashin wannan shawara, matar da ta sauka a 2023 tana lissafin 2028 za ta koma lissafin 2038, kuma a duk tsawon shekarun tana buƙatar kamfani mai lasisi da zai ci gaba da ɗaukar nauyinta, tana biyan kuɗin sabunta biza duk bayan 'yan shekaru. Wadda ta zo bayan 11 ga Maris na 2024 kuwa, 'ya'yan da ta bari a gida suna firamare za su gama sakandare ba ta samu ikon kawo su ba.